Kujerar da ba ta girgiza: neman kayan katako samfurin Craftsman da kuɗi kaɗan

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Binta ce daga Columbus a jihar Ohio, ga Nura kusa da ni, yau kuma Allah ya sa mun samu Baba Sani, mai gyaran kayan katako, wanda muka fi wata guda muna bi. Baba, sannunku da zuwa, ya sanyi?

Baba Sani: Sanyi lokacinsa ne, 'yata. Alhamdu lillahi.

Binta: Maganar yau daga gidana ta taso. Gidan da muka saya tsoho ne, ginin wajajen 1920, mai faffaɗar baranda da ginshiƙai masu kauri, ciki ko'ina katako ne ruwan ƙasa, har da kabad da aka gina jikin bango. Da muka shigar da kushin ɗinmu masu ƙyalƙyali sai suka zama kamar baƙi a ɗakin. Maƙwabciyata ce ta ce min irin wannan gini sunansa Craftsman, kuma yana da kayan ɗakinsa. Na duba farashin sabuwar kujera guda ɗaya a kamfanin Stickley, wallahi dubban daloli. Kujera ɗaya!

Nura: Anti Binta, abin da ya ba ni mamaki da na bi tarihin shi ne, mai abin ba don attajirai ya fara ba. Gustav Stickley, an haife shi a Wisconsin a 1858. Tunanin daga Ingila ya ɗauko shi, wajen su William Morris da John Ruskin, waɗanda suka ƙi jinin kayan inji masu tarin ado marasa ƙwari. Ya kafa masana'anta a Eastwood, gefen Syracuse a jihar New York, ya fara buga mujallar The Craftsman a 1901. Burinsa matsakaicin ma'aikaci ya samu tebur mai sauƙin fasali da zai bar wa jikoki.

Binta: To ina aka kwana har ya zama kayan masu hali?

Nura: Shi dai ya karye a 1915, mujallar ta tsaya a 1916, yayi ya wuce, aka tura kayan ɗakin ajiya shekara da shekaru. Daga baya masu tara kayan tarihi suka farka. A 1988 mawaƙiya Barbra Streisand ta sayi kabad ɗin Gustav guda ɗaya a gwanjon Christie's kan dala 363,000. Kamfanin da ke nan yanzu kuwa na ƙannensa ne, Leopold da John George, wanda iyalin Audi suka saya a 1974, suka dawo da tsofaffin samfuran kasuwa a 1989.

Baba Sani: Duk wannan gaskiya ne, amma ni ku bar ni da katako. Mahaifina kafinta ne a Kano, a ƙarƙashin bencinsa na tashi ina share garin zarto. Ranar da na fara juya kujerar irin wannan a hannuna don gyara, sai na ji kamar na san mai ita. Babu abin da ya ɓoye. Kun san yadda ruwan gatari ke shiga ƙota? Haka haɗin yake. A huda rami a ƙafar kujera, a fere bakin ɗaya katakon ya shiga cif, wani lokaci har ya ɓullo ta ɗaya gefen, sannan a soke su da ɗan siririn katako a kulle. Ba ƙusa ce ke riƙe da ita ba. Wannan ɗan bakin da ya ɓullo, shi ne adon, shi ne kuma ƙarfin.

Binta: A nan ne aka cuce ni, Baba. Kafin in san ku na sayi teburin falo ta intanet, ba zan kama sunan shagon ba. A hoto ga bakin katakon nan ya ɓullo a kowace ƙafa, gwanin sha'awa. Wata huɗu da zuwansa, ɗana ya jingina da shi, sai ɗaya ya faɗo ƙasa. Na ɗauka na duba, ɗan guntu ne kamar ƙwayar sukari, an liƙa shi da gam. Da na kifa teburin, noti huɗu ne ke riƙe da ƙafafun, saman kuma garin katako ne da aka matse aka shimfiɗa masa ɓawo. Raina ya ɓaci sosai, don ƙarya aka sayar min.

Baba Sani: Ya yi zafi kam. Amma abin ganewa a fili yake. Ki durƙusa, ki leƙa ƙarƙashi. Ki duba ko bakin da ya ɓullo yana daidai saitin katakon da ke ɗaya gefen, tsayinsu da kaurinsu sun dace. Ki shafa gefen saman teburin: idan katako ne na gaske, zanen jikinsa zai gangaro daga sama ya zagayo gefe, a ƙarshensa kuma za ki ga zoben shekarun bishiyar. Idan ɓawo ne, za ki ga layin da aka liƙa. Ki zaro durowa gaba ɗaya, ki ga ko kusurwarta haƙora ne suka sarƙe da juna ko 'yan ƙusoshin inji ne. Sannan ki dafa kusurwa ɗaya ki jijjiga. Mai kyau ba ya amsawa.

Nura: Baba, wannan walƙiyar da ke jikin katakon fa, mai kama da zanen damisa? Fenti ne?

Baba Sani: A'a, yanka ne. Itacen farin ok ne, wato bishiyar da Turawa ke kira oak, amma ba a yanka shi falle-falle kamar yadda aka saba. Gungumen ake fara rabawa gida huɗu, kamar kankana, sannan a yanka kowane ɓari daga ɓawo zuwa zuciya. Sai jijiyoyin da ke fita daga tsakiyar bishiya su kwanta a fuskar katakon, su ne ke walƙiya. Irin wannan yanka yana ɓarnar itace da lokaci, shi ya sa yake tsada, amma katakon ba ya saurin lanƙwasa. Kuma a ƙafa mai kusurwa huɗu, fuska biyu kawai ke samun zanen. Shi Gustav kan liƙa siririn falle a sauran biyun, ƙannensa kuwa sai su haɗa katako huɗu su yi ƙafa ɗaya. Don haka ba kowane liƙi ne ha'inci ba, a duba abin da ke ƙarƙashinsa.

Binta: Launin fa?

Baba Sani: Wannan zai ba ku sha'awa. Kun san bagaruwa da majema ke jima da ita? Sinadarin da ke cikinta mai kama fata, akwai shi da yawa a farin ok. Sai su rufe kayan a ɗaki da kwanonin amoniya mai ƙarfi, tururin ya shiga katakon ya haɗu da sinadarin, ya rine shi daga ciki. Amma ina roƙon masu sauraro, kada wani ya gwada a garejin gidansa, tururin nan yana ƙona ido da huhu. Rinin katako na gwangwani ya wadatar.

Nura: To mu zo kan aljihu. Mai albashi irina, ina zai dosa?

Binta: Ni inda na fi samun sa'a shi ne gwanjon gida, wanda magada ke buɗe ƙofa su sayar da komai bayan tsoho ya rasu ko ya koma gidan kula da tsofaffi. A unguwannin tsofaffin gidaje za ka je, kuma ranar ƙarshe an fi sassauta farashi. Akwai Facebook Marketplace, akwai shagunan kayan gwanjo na ReStore, na ƙungiyar agaji ta Habitat for Humanity. Dabarar da na koya ita ce, kada ka rubuta Stickley wajen nema, don wanda ya san sunan ya san kuɗin. Ka rubuta Mission, wanda shi ne ɗaya sunan salon, ko kawai tsohuwar kujerar ok. A zamanin can masana'antu da yawa sun kwaikwayi salon, har Sears na sayar da shi ta kasida, kuma yawancinsu katako ne na gaske. Kujerar lilo da na samu haka, fatar mazauninta ta tsage, amma jikinta ko motsi.

Baba Sani: Ita ce na sake wa fata. Tana da shekara kusan ɗari, ramukanta ba su buɗe ba.

Nura: Idan mutum sabo yake so fa?

Baba Sani: Ku da ke Ohio kun yi dace. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan za ta kai ku gundumar Holmes, ƙasar mutanen Amish, masu keken doki. Akwai su kuma a Lancaster ta Pennsylvania da Shipshewana ta Indiana. Ƙananan shagunan kafintocinsu suna yin wannan samfurin sosai, kai za ka zaɓi itace da launi, ka jira makonni. Idan ka karɓi jan ok mai yankan yau da kullum maimakon fari mai yankan huɗu, kuɗin zai sauka, za ka rasa walƙiyar amma ba ƙarfin ba. Sai dai ko a can ka yi tambaya, ka kifa kujera ka gani, don sunan Amish ma ana rataya shi a kan abin da bai kai ba.

Binta: Ni shawarar da zan ƙara, musamman ga 'yan'uwana mata, mu rage son cika ɗaki rana ɗaya. Mun saba da jere, a kawo saiti guda a dire. Wannan kayan ba ya buƙatar haka. Teburin cin abinci bana, kujeru baɗi, kuma ko ba daga hannu ɗaya suka fito ba suna zama tare lafiya, tunda duk layi ne miƙaƙƙe.

Nura: Akwai saƙo daga wani mai sauraronmu a Kano. Yana tambaya ko kafintan gida zai iya yi masa.

Baba Sani: Me zai hana? Shi Stickley da kansa ya riƙa buga zanen kayan da awonsu a mujallarsa don mutane su yi a gida, kuma tsofaffin zanen nan suna intanet kyauta. Ya bugo ya kai wa kafinta. Ok ba ya tsiro a wajenmu, amma maɗaci ko iroko za su ɗauki aikin. Abu biyu zai tsaya a kai. Na farko, katakon ya bushe sarai, in ba haka ba hunturun farko zai tsaga shi, kamar yadda na'urar ɗumama ɗaki ke yi wa ɗanyen katako a nan. Na biyu, ya faɗa wa kafintan tun farko cewa haɗin rami yake so, ba ƙusa da gam ba, kuma ya biya shi kuɗin kwanakin da aikin zai ci. Kafintocinmu sun iya, garajen masu kaya da ƙaramin farashi ne ke sa su kama guduma.

Binta: Baba, teburin nan nawa mai noti, akwai abin da za a yi masa?

Baba Sani: Ƙafafun zan iya ɗaurewa, saman ne ba ya gyaruwa. Ki kawo shi ranar Asabar bayan azahar, ina da ragowar jan ok a gareji, mu auna mu gani ko zai isa sabon sama.

Binta: In sha Allahu. Nura, kai za ka ɗauko mana shi a motarka. Masu sauraro, sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.