Yadda ake ɗaukar hoton taurari a hamada, da inda za mu fara a Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Ku kwatanta wannan hoton a zuci. Busassun itatuwa baƙaƙe tsaye a kan farar ƙasa, ga jan tudun yashi a bayansu. Deadvlei ke nan, cikin gandun Namib-Naukluft a ƙasar Namibiya. Itatuwan sun mutu tun ɗaruruwan shekaru, tsananin bushewar wurin ne ya hana su ruɓewa. Akwai tudun yashi a kusa da ya haura mita 300.

Masu hoto kan yi sammako, domin da hantsi rana na haska gefe guda na tudu, ɗaya gefen na cikin inuwa. Da rana ta take, wannan armashin ya tafi.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dare. Hamada ba ta da fitilu, iskarta ba ta da laima, shi ya sa taurari ke fitowa fes. Abu na farko, ku duba wata. Mu da muke ƙidayar kwanan wata mun huta: daga 27 ga watan Musulunci zuwa 2 ga sabon wata, sama tana da duhu sosai.

Sai kyamara. A ɗora ta a kan tirifod, wato maɗorin kyamara mai ƙafa uku, don hannu ba ya iya riƙe ta daƙiƙa 20 ba tare da rawa ba. A buɗe idon kyamara, wato ƙofar da haske ke shiga, zuwa lambar f/2.8, a sa ISO, wato ƙarfin kama haske, wajen 3200, a saita fokas da hannu a kan tauraro mai haske. Tsawon lokacin da kyamara za ta yi a buɗe tana ɗaukar haske kuwa, a raba 500 da tsawon lens, wato gilashin gaban kyamara, a ma'aunin milimita. Mai milimita 20 zai ba ka daƙiƙa 25. In ka wuce haka, taurari sai su zama zare-zare, saboda duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Kada a canza lens iska na kaɗawa, yashi ba ya tausayin kyamara. A riƙe tocila mai jan haske, wanda ba ya kashe ido, domin ido na bukatar kusan minti 20 kafin ya saba da duhu, hasken waya ɗaya ya mayar da kai baya.

To mu nan Zariya fa? Damina gajimare, hunturu hazo. Tsakaninsu akwai 'yar ƙofa: ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi ƙarfi ba. A lokacin Kaza da 'Ya'yanta na fitowa ta gabas da farkon dare. Ku nufi wajen dutsen Kufena, ku sa dutsen a ƙasan hoton, ku ba hasken gari baya. Ku tafi ku biyu ko uku, ku isa kafin magariba, ku gaisa da mutanen wurin su san da zuwanku, sannan ku kafa tirifod tun ana ganin inda ake taka ƙafa.