Daga Fetur Zuwa Batir: Ina Makomar Mai Sifana?

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu masu gareji, direbobi, malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka. Na gode da kuka bar aikinku kuka zo.

Zan fara da wani tarihi da ba kowa ya sani ba. Motar lantarki ba baƙuwa ba ce, tsohuwa ce ta dawo. Carl Benz na Jamus ya yi rajistar motarsa mai inji a 1886, amma motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya, a 1899, da batir take tafiya. Wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ne ya tuƙa ta a Faransa. A wajejen 1900, kusan ɗaya cikin kowace mota uku a Amurka ta lantarki ce. Mutane sun so ta, don ba ƙara, ba hayaƙi, ba kuma wahalar tayarwa. Ita kuwa ta fetur sai an tsaya a gabanta an murɗa wani ƙarfe da hannu kafin ta tashi, wani lokaci ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu.

To me ya kayar da ita? Aljihu. A 1901 man fetur ya ɓarke a Texas, ya yi araha. A 1908 Henry Ford ya fito da motarsa Model T, ya yi ta sauke farashinta har ma'aikaci ya iya saya. A 1912 aka sa wa motar Cadillac abin tayar da inji da lantarki, wahalar murɗa ƙarfe ta ƙare. Batirin wancan zamani na darma ne, ga nauyi, ga shi ba ya kai mutum nesa. Sai jama'a suka bi inda sauƙi yake. Ku riƙe wannan, domin hanyar da fetur ya bi ya ci kasuwa, ita ce batir yake bi yau.

Yanzu mu buɗe bonet. Ku da kuke kwana kuna tashi da inji kun fi ni sanin cikinsa. Fetur ya haɗu da iska, filogi ya ba da wuta, ya fashe ya tura fistin ƙasa, karanshaf ya juya. Amma ku taɓa jikin injin da ya yi tafiyar awa ɗaya, ku ji. Wannan zafin da lagireto yake fama da shi, da wanda yake fita ta salansa, kuɗinku ne. Idan direba ya sha man naira dubu, abin da yake isa ga tayoyi bai fi na ɗari biyu zuwa ɗari uku ba. Sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. A motar lantarki kuwa, fiye da kashi 70 cikin ɗari na wutar da aka ɗura yana kaiwa ga taya. Har idan direba ya taka birki, injin lantarkin yakan koma kamar janareto, ya mayar wa batir wani abu daga ƙarfin da da zai salwanta.

Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne batir. Kamfanin Sony na Japan ya fito da batirin litiyam kasuwa a 1991, irin wanda ke cikin wayar kowa a ɗakin nan, kuma mutum uku da suka yi binciken da ya haifar da shi sun sami lambar Nobel a 2019. Da farko tsadarsa ta fi ƙarfin mota. A 2010, lokacin da motar lantarki ta Nissan Leaf ta fito, ma'aunin batir ɗaya, wato abin da zai riƙe kilowat ɗaya na tsawon awa guda, ya haura dala 1,000. Zuwa 2024 ya sauko kusan dala 115. Kusan kashi 90 cikin ɗari ke nan ya zube. Duk surutun da kuke ji a kan motar lantarki, wannan lissafin ne uwarsa.

Sakamakon kuwa ga shi a fili. A 2024 an sayar da motocin da ake yi wa caji kimanin miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A Sin, kusan rabin sababbin motocin wannan shekarar irin su ne. Birnin Shenzhen ya mayar da motocinsa na bas, sama da 16,000, na lantarki tun 2017. Kamfanin BYD na Sin ya daina ƙera mota mai fetur zalla a 2022. A Norwe, ƙasar da ita kanta mai take haƙowa tana sayarwa, kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma a 2024 batir zalla ce.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa: malam, waɗannan ai masu wuta ne. Gaskiyarka. Amma mu dubi Habasha. A farkon 2024 gwamnatinta ta hana shigo da motocin hawa masu fetur da dizal. Ba don ƙawa ba. Ba ta da man kanta, dalar sayo shi tana yi mata wuya, ga kuma babbar madatsar ruwa da ta gina a kan kogin Nilu, mai ƙarfin megawat sama da 5,000. Ta ga gara ta ci na gida. Ba na ce komai ya tafi musu daidai ba, wuraren caji har yanzu suna ƙaranci a wajen Adis Ababa. Amma ku lura da adadin nan: madatsa ɗaya tana iya ba da kwatankwacin wutar da Najeriya gaba ɗaya take rabawa a rana mai kyau. Wannan abu yana ci mini rai, wallahi.

Saboda haka ni a ganina, wanda yake jiran ya ga manyan motocin lantarki sun cika titunanmu kafin ya yarda canji ya zo, yana kallon gabas ne alhali hadari daga kudu ya taso. Canjin ta babur da adaidaita sahu da ƙaramar bas zai shigo mana. Dalili kuwa, su ne masu yawo cikin gari wuni guda, su ne kuma mai ya fi ci wa riba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a 2024. Ku tambayi ɗan adaidaita abin da yake rage masa da yamma bayan ya sha mai ya kai balas. A Kigali da Kwatano da Lome, 'yan acaɓa suna zuwa shago su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki mai caji, cikin mintuna kaɗan sun koma aiki. Ba jiran caji, kuma batirin ba nasu ba ne balle tsadarsa ta hau kansu.

Mu ma ba a bar mu a baya gaba ɗaya ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai haɗa batir da fetur a Amurka, kuma a zamanin da yake shugabantar hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir da sola, suna ɗaukar fasinja. Rana dai Allah ya hore mana ita.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye muku ba. Batir daga ƙasa ake haƙo shi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobal na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma an sha ganin yara a ramukan haƙarsa. Mu ma ga litiyam a Nasarawa, har an buɗe masana'antar tace shi a 2024. Wanda ya tuna yadda gubar darma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, wajen niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba zai yi wa haƙar ma'adinai riƙon sakainar kashi ba. Haka kuma zafi yana saurin tsufar da batir, kuma namu zafin kun san shi. Wanda zai sayi motar lantarki ta hannu, lafiyar batirin zai fara dubawa kafin fenti, don batirin shi ne mafi tsada a jikinta.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na amsa wannan gayyata. Kwanakin baya na tsaya a wani gareji, na ga yaro da bai wuce shekara sha huɗu ba, ya zauna a kan tsohuwar taya da kwanon fetur a gabansa, yana wanke kafireto da buroshi, yana hura ƙananan ramukanta da bakinsa. Ogansa ya ce shekararsa biyu a wurin, kuma yana da kai. Na tsaya ina lissafi. Yaron nan zai kai arba'in a wajejen 2050. Motar lantarki ba ta da kafireto, ba filogi, ba fistin, ba ringi, ba kuloci, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Mai faci yana nan da aikinsa, har ma ya ƙaru, don nauyin batir yana cin taya. Mai gyaran jiki da mai fenti da mai aikin ƙafa duk suna nan. Amma mai sauke inji fa?

Ba na cewa gobe za ku rasa abin yi. Motocin da Turai za ta yar nan za su ƙaraso, kuma za ku yi shekaru kuna gyara su. Abin da nake tsoro shi ne mu saki jiki da wannan, sai ranar da keken batir ya lalace a bakin garejinku, a rasa mai taɓa shi, a kira wani daga nesa ya zo da kwamfuta ya karɓe kuɗin.

Iyayena masu gareji, roƙona gare ku ƙarami ne. Duk yaron da kuka ɗauka, ko na inji ne, ku bar shi ya riƙa zama wajen rewaya kwana ɗaya ko biyu a mako. Ya iya riƙe mita, ya san bambancin bolt da amfiya, ya iya karanta zanen waya. Kada a cire shi daga makaranta, don aikin nan yana son lissafi. Kuma tun yau ku gaya musu wannan: batirin motar da kuka saba da shi bolt 12 ne, na motar lantarki kuwa yakan kai 400, wani ma 800. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta launin ruwan lemo ake yi musu, har a cikin motocin nan masu haɗa fetur da batir da suka riga suka shigo garejinku. Wanda ba a koya masa yadda ake katse wutar ba, kuma ba shi da safar hannu ta roba ta wannan aiki, kada ya kai hannu wurin, ko da motar a kashe take.

Ranka ya daɗe, na ga an ɗaga mini takarda lokaci ya yi. Akwai hannuwa a sama ta bayan can, bari mu fara da dattijon nan mai shuɗiyar hula. Bismillah, Baba.