Isabgul, dusar Indiya mai yauƙi kamar kuɓewa

Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. Ku dubi kofin nan da kyau. Ruwa ne zalla. Zan zuba cokali guda na wannan farar dusa, in dama, in ajiye. Ba mu gama gaisawa ba, ga shi ya fara kauri. Ɗan jima kaɗan in na ɗaga cokali, sai ka rantse miyar kuɓewa ce ba a sa mata daddawa ba.

Sunansa isabgul. A jikin kwalin da ake sayarwa a farmasi za ku ga an rubuta psyllium. Ɓawon ƙwayar wani ɗan tsiro ne da masana ke kira Plantago ovata, kuma mafi yawansa a Indiya ake nomawa, a jihohin Gujarat da Rajastan. Sunan daga Farisanci ya fito, ma'anarsa kunnen doki.

Masu maganin gargajiyar Indiya sun daɗe da shi, kuma abin mamaki, cuta biyu masu gaba da juna suke bai wa shi. Wanda cikinsa ya ɗaure, a dama masa da ruwa ko madara mai ɗumi da dare. Mai zawo kuwa, a haɗa masa da kindirmo. To yaya abu ɗaya zai buɗe kuma ya tsayar? Sirrin yana cikin yauƙin nan. In bayan gida ya bushe ya yi tauri, sai ya riƙe masa ruwa ya tausasa shi. In ruwa ya yi yawa a hanji, sai ya tsotse shi ya haɗa kan abin. Shi ya sa masu basur ke jin daɗinsa, don yunƙuri ya ragu.

A nan ne ya sha bamban da filaskon da muka sani. Filasko zungurar hanji yake, har da murɗar ciki. Isabgul ba ya gaggawa, yakan ɗauki wuni ɗaya zuwa kwana 3 kafin ka ga aikinsa. Mai gajen haƙuri sai ya ce jabu aka sayar masa.

Yana kuma rage mugun kitsen jini, wato kolastarol. A 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a kwali cewa shan giram 7 na zarensa mai narkewa a ruwa, wato mai yauƙin nan, kowace rana, tare da rage maiƙo, na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Ga mai ciwon suga, yana sa sukari ya shiga jini a hankali bayan cin abinci. Amma Alhaji, Hajiya, kar a ajiye maganin lokotoro saboda wannan.

Yanzu ku sake duban kofin da na bari. Ya sandare, cokali na tsaye a ciki. Haka zai yi a maƙogwaro in ka afa shi a bushe kamar garin ƙuli. Cokali guda, kofin ruwa cike, ka shanye nan take, ka bi da wani. A zafin Afrilu na garin nan, balle da azumi, wanda ba zai sha ruwa sosai ba gara ya bar shi. Mai wahalar haɗiya, ko wanda hanjinsa ya taɓa toshewa, kar ya kusance shi. Mai shan wasu ƙwayoyi ya bar awa 2 tsakani, don yauƙin na iya riƙe maganin.

Ka fara da rabin cokali, in ba haka ba kumburin ciki da tusa su hana ka zaman majalisa. In kuma ka leƙa farmasi ba ka samu ba, kasuwar Dole ba ta rasa kuka da busasshiyar kuɓewa da lalo.