Bindigar da ta hau Duwatsun Mandara, wa zai sauko da ita?

Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa tashi daga Marwa, a arewacin Kamaru, da sanyin safiya ya nufi Mokolo ya san inda ƙasa ke fara sauya kama. Tafiyar kilomita wajen tamanin ce. Da farko fili ne shimfiɗe, gonakin dawa da na auduga, da busassun rafuka inda mata ke tonon yashi suna kwalfar ruwa. Can sai ka hango duwatsu sun taso baƙi ƙirin kamar hadarin gabas. Kana matsawa kana ganin aikin hannun mutane a jikinsu: Mafawa sun jera duwatsu sun yi matakala tun daga gindin tudu har ƙololuwa, kowace matakala gona ce, wata faɗinta bai wuce tabarma biyu ba, amma gero na tsaye a kanta. Bukkoki masu jinka mai tsini sun manne a tsakanin manyan duwatsu, sai ka zo daf da su kafin ka gane gidaje ne.

Daga Mokolo in ka gangara kudu, tafiyar kilomita hamsin da wani abu a kan hanya mai girgiza ƙashi, sai Rumsiki. A nan ne duwatsu ke tsaye ɗaiɗai kamar taɓare da aka kafa a ƙasa, ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta da iska da ruwa suka cinye musu jiki suka bar ƙashi. Mafi shaharar cikinsu tsayinsa ya kai mita 1,224 daga bakin teku. Lokacin hunturu, in hazo ya sauka da la'asar, sai ka ga kawunansu kaɗai suna yawo a sama. Kwarin da ke ƙasa kuwa, tsallakensa Najeriya ce, ƙasar Michika, inda dangin Kapsiki, wato mutanen Rumsiki, ke zaune ana kiransu Higi ko Kamwe. Harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya.

Na san Rumsiki tun lokacin da baƙi ke cika ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu motoci na hawa da Turawa, yaran gari na yi musu jagora, masu ƙera tagulla da masaƙa na samun ciniki, tsohon nan mai duba da ƙaguwa a cikin tukunya yana da layin masu jira. Ran Alhamis wasu su zarce kasuwar Turu su ga mata da jajayen ƙorai a ka kamar hular soja. 'Yan kasuwarmu Hausawa na Mokolo da Mora su ma sun ci wannan arziki, daga mai tsire har mai canjin naira da sefa.

Ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, har da yara huɗu, kusa da Dabanga, bayan sun fito daga gandun dajin Waza. A watan Nuwamban shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a Ngeciwe. A watan Mayun 2014 aka kwashe ma'aikata 'yan Sin goma a Waza, kuma a cikin watan ne Shugaba Paul Biya ya shelanta yaƙi da Boko Haram a taron Paris. A watan Yuli aka afka wa Kolofata, har gidan mataimakin firaminista Amadu Ali. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. Ofisoshin jakadanci suka shafa wa yankin jan launi a taswira, har da garuruwan da ba a taɓa harba ko harsashi ɗaya a cikinsu ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yau shi ne wani dattijo da na tarar a tafiyata ta baya-bayan nan, a wani ƙauye da ke kan tudu, ba nisa da iyaka. Igiya ce aka gitta a hanya, an ɗaura mata tsummoki. Matasa uku na zaune a gindin dutse, ɗaya da kwari da baka, ɗaya da adda, ɗaya da tocila da tsohuwar waya. Dattijon na gefe, bindigarsa a kan cinya, irin wadda muke kira harba-ka-ruga, ƙirar maƙerin gari. An naɗe ƙotarta da robar tayar keke saboda ta tsage, ga laya ɗaure a wuyanta. Na gaishe shi, na ce, “Baba, wannan ai ta girme ni.” Ya ce, “Ɗana, ta mahaifina ce. Birai yake kora da ita in dawa ta nuna. Ni ne na fara nuna ta ga mutum.” Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Idanunsa jajaye ne don rashin barci.

Wannan magana ta dattijo ita ce tarihin bindiga a waɗannan duwatsu. Mutanen Mandara ba baƙin tsoro ba ne. Abin da ya hau da kakanninsu kan tudu tun farko shi ne gudun mahara masu kama bayi daga masarautun da ke ƙasa, kuma mu mutanen fili ya kamata mu faɗi wannan da bakinmu ba tare da kwana-kwana ba. Hamman Yaji na Madagali ya yi ta kai hari a kan ƙauyukan nan da bindigogi har cikin shekarun 1920, kafin Turawan Ingila su kama shi a 1927. Tsofaffi har yau suna ambaton sunansa. A kan dutsen Mora kuma wani hafsan Jamus, fon Raben, ya ja daga tun watan Agustan 1914, sojojin Ingila da Faransa suka kewaye shi, bai miƙa wuya ba sai a watan Fabrairun 1916. Dutse ya daɗe yana zama mafaka, ga mai gaskiya da ga marar ita.

Amma duk da haka, a rayuwar yau da kullum bindiga ba ta zama kayan ado na kowane namiji ba. Makamin mutumin dutse baka ne da mashi. Bindigar toka ta maharba ce, sai kuma ranar biki ko hawan sallah, in dogaran lamido suka cika ta da albarushi suka saki ƙara, hayaƙi ya tashi, mata su rangaɗa guɗa. Babbar bindiga ta shigo ne ta wata ƙofa. Yaƙe-yaƙen Chadi sun zubo da Kalashnikov ta Kusiri, 'yan fashin hanya da muke kira zargina suka addabi matafiya da makiyaya a shekarun 1990, har ta kai gwamnati ta kafa rundunar da ta zama BIR, wato sojojin kai ɗaukin gaggawa, a 2001. Rushewar Libiya a 2011 ta ƙara buɗe rumbu. Da Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agustan 2014, sai ya zama tsakanin maharan da ƙauyukan gundumomin Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava na Kamaru babu komai sai hanyar ƙafa ta cikin duwatsu.

Soja ba zai iya tsayawa a bakin kowace hanyar akuya ba. Wannan ya sa hukuma ta ƙarfafa kafa kwamitocin 'yan sa kai a ƙauyuka, a ƙarƙashin idon hakimai da jami'an mulki. Su ne suka san baƙuwar fuska, su ne suka san wace hanya ke ɓullowa ina. Bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na Marwa a watan Yulin 2015, 'yan sa kai ne suka riƙa tare masu ɗauke da bam a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, wasu suka mutu a wurin domin jama'a su tsira. Duk wanda ya yi sallar asuba lafiya a Mora ko Kolofata a waɗancan shekaru, akwai hakkin waɗannan bayin Allah a wuyansa.

To me aka ba su? Lokaci-lokaci a kan kawo kyauta: babura, tocila, takalman roba, buhunan abinci, ɗan kuɗi a ambulan. Kyauta kuwa ba albashi ba ce. Mutumin da ya kwana a kan dutse ba zai iya wuni a gona ba. In ya faɗi, matarsa da 'ya'yansa sai abin da dangi suka tsakura. Kuma dole a faɗi ɗaya ɓangaren: an samu waɗanda suka mai da igiyar hanya wurin karɓar na goro, an samu waɗanda suka laƙaba wa abokin gaba sunan Boko Haram saboda rigimar gona ko ta mace, an samu zargin hannu a cinikin shanun sata. Duk inda aka ba mutum iko aka hana shi abinci, ƙarshenta ke nan, ko a dutse ko a birni.

Doka tana nan. Dokar 14 ga Disamban 2016 ta tsara yadda ake mallakar makamai da harsasai a Kamaru, kuma ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Ƙasar tana cikin yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya. A ranar 30 ga Nuwamban 2018 aka kafa kwamitin ƙasa na karɓar makamai da mai da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a, da cibiya a Mora. Ni ina goyon bayan a karɓi wanda ya tuba, domin yaƙi ba ya ƙarewa in ba a bar ƙofar dawowa a buɗe ba. Sai dai ku saurari abin da ake faɗa a ƙauyuka: wanda ya ƙona rumbu an tanadar masa wurin kwana da koyon sana'a, wanda ya tsare rumbun kuwa ba a san da zamansa ba. Wannan ƙorafi ba na wasa ba ne, kuma yana fitowa ne daga bakin mutanen da ke riƙe da makami.

Mun riga mun ga abin da makami a hannun jama'a ke yi in rai ya ɓaci. A watan Agusta da na Disamban 2021, rigimar ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum a yankin Logon-Birni ta zama gobara, ta kai har cikin Kusiri, aka ƙone ƙauyuka, dubun-dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Ba Boko Haram ba ce ta yi wannan. Maƙwabta ne da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. A duwatsu ma akwai irin wannan busasshiyar ciyawa: ƙasar noma ta yi kaɗan, waɗanda suka gudu sun dawo sun tarar da wasu a gonakinsu, ga sansanin Minawaw kusa da Mokolo cike da 'yan gudun hijirar Najeriya tun 2013, kowa na neman itace da ruwa a wuri ɗaya.

Nan ne siyasa ta shigo. Jihar Arewa Mai Nisa tana cikin mafi yawan jama'a a Kamaru, don haka ƙuri'arta zinariya ce. Ba banza ba ne Marwa ta zama wurin da shugaban ƙasa ke zuwa gangamin yaƙin neman zaɓe, a 2018 da kuma 2025. Jihar ba ta rasa manya ba: Kavaye Yegiye Jibril, ɗan Mada a gindin waɗannan duwatsu, ya hau kujerar shugaban Majalisar Dokoki tun 1992 ya shafe fiye da shekara talatin a kanta. Amma binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2014 ya nuna kusan mutum uku cikin huɗu a jihar suna cikin talauci. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, wadda 'yan Sin ɗin nan ke aikinta lokacin da aka sace su, ta shafe shekaru tana karya manyan motocin da ke kai kaya Njamena. Zaɓen 12 ga Oktoban 2025, inda aka bayyana Biya da kashi 53.66 cikin ɗari, Isa Ciroma Bakari ɗan Garwa kuma, wanda ya ƙi amincewa da sakamakon, da kashi 35.19, ya nuna cewa arewa ta fara tambayar abin da ta samu. Tsorona shi ne ranar da wani ɗan takara zai gane cewa a kowane ƙauye akwai matasa a shirye, da shugaba, da makami, da yunwa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun san yadda ɗan banga ke rikiɗa ya zama ɗan bangar siyasa, ba sai mun je makaranta ba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. A rubuta sunan kowane ɗan sa kai da makamin da ke hannunsa, a gaban lawani, wato mai gari, da jami'in mulki. A yanka musu alawus na wata-wata, komai ƙanƙantarsa, ya zama hakki ne da ake biya a kan lokaci. Wanda ya rasu a bakin aiki a kula da marayunsa. Wanda ya ci zalin jama'a a kai shi gaban alƙali kamar kowa. Matasan cikinsu da suka cancanta a buɗe musu ƙofar shiga soja, da jandarma, da aikin tsaron gandun daji. A ƙauyukan da ƙura ta lafa kuma a fara karɓar makaman yaƙi tun yanzu, da musanya da abin da mutum zai riƙe kansa, ko shanun huɗa ko jarin sana'a. Sarakunanmu da limamai da fastoci su tsaya tsayin daka a kan cewa ba a shiga da makami wurin taron siyasa, ko na wace jam'iyya ne.

Sannan a buɗe hanya, domin duwatsun nan suna da abin sayarwa. A 2025 hukumar UNESCO ta sa kufan Diy-Gid-Biy na ƙasar Mafa cikin jerin kayan tarihin duniya, gine-ginen dutse da aka jera ba laka ba siminti ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kamar yadda ta sa Sukur ta tsallaken iyaka tun 1999. Ba sai mun jira Bature ba. Ɗaliban Jami'ar Marwa, da 'yan kasuwar Garwa da Ngaundere, da iyalan Njamena, nawa ne a cikinmu suka taɓa kwana ɗaya a Rumsiki? Duk baƙon da ya sayi kwalla ɗaya ta tagulla ko ya biya yaro kuɗin jagora, ya ba wani dalilin ajiye adda.

Da zan bar ƙauyen nan, dattijon ya sa aka sassauta igiya, ya ɗaga mini hannu, ya ce in sauka kafin magariba. Na waiwaya daga lanƙwasar hanya na hango shi yana hawa dutsen da zai kwana a kai, bindigar mahaifinsa a kafaɗa, jikansa na biye da shi da butar ruwa.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.