Katin hoto na waje: duba bakin kwamfutarka kafin ka fitar da jaka ko ɗaya

Assalamu alaikum. Malamai, ƙannena samari da ƴan mata, sannunku da zuwa cikin wannan zafi na Maradi.

Tambayar da kuka fi aiko mini ita ce: ga kwamfutar cinya, ana son buga wasanni irin GTA V ko EA Sports FC, amma hoto yana tsinkewa, ɗan wasa yana tafiya yana tsayawa. Shin katin hoto na waje zai magance, wato ƙara wa kwamfutar daga waje na'urar da ke sarrafa hoton da ake gani a allo? Zai magance wa wasu. Mafi yawanku kuwa ba zai yi muku ba, kuma gara ku ji daga bakina yau da ku ji bayan kuɗi sun tafi.

Ga yadda abin yake. Ana sayen katin hoto irin na kwamfutar tebur, na Nvidia ko AMD, a sa shi cikin wani akwati mai na'urar wutarsa, irin Razer Core X, a jona shi da kwamfutar da waya guda. Wayar nan ce tushen maganar. Sai bakin da za a soka ta ya kasance Thunderbolt 3, wanda Intel ya fitar a 2015, ko Thunderbolt 4 ko 5, ko USB4 mai ɗaukar wannan aiki. To duk siffarsu ɗaya da USB-C da kuke cajin salula da shi. Nan mutane ke faɗawa rami. Ku juya kwamfutar, ku duba gefen bakin da kyau: akwai ƴar alamar walƙiya? In babu, ku nemi lambar samfurin a shafin kamfanin. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke shigo mana daga Kano ko Kwatano ba su da shi, ko da mai shago ya rantse.

Ko da akwai, hanyar ƙarama ce. A kwamfutar tebur katin yana magana da kwakwalwar na'ura ta layuka 16. Ta Thunderbolt layuka 4 kawai yake samu, wasu ma 2, kamar Dell XPS 13 samfurin 9360. Kamar ka tara manyan motocin kaya ne ka ce su bi ta lungun unguwa: za su wuce, amma ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa katin da ka biya cikakken kuɗinsa ba zai ba ka cikakken ƙarfinsa ba. In kuma a allon kwamfutar kake kallo, hoton sai ya sake dawowa ta wannan wayar, ya ƙara cunkoso. Ku jona allo na daban a bayan katin kai tsaye. Wannan kaɗai yana kawo bambancin da ido ke gani.

Masu MacBook, Apple ya buɗe wannan ƙofa a 2018, amma tun daga kwamfutocinsa masu kwakwalwar M1 na 2020 ya rufe ta. In taku mai M1 ce ko ta bayanta, kada ku wahala.

Yanzu mu dawo gida, domin wannan ne ya fi damuna. Kati matsakaici kamar RTX 3060 yana cin wat 170 shi kaɗai, ban da allo da kwamfutar. Kwamfutar cinya tana da batir, in kuran ya yanke ta ci gaba. Akwatin nan ba shi da ko ɗaya, nan take yake mutuwa. Dawowar wutar da ƙarfi kuma ita ce ke ƙona kaya. Saboda haka kuɗin na'urar daidaita wuta yana cikin lissafi. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar katin har ta zama kamar an lulluɓe ta. A ɗora shi kan tebur, a rufe shi in ba a aiki, a riƙa hure shi.

Ƙanena na can baya ya tambaya, to wa ya kamata ya saya? Ɗalibin da ya riga ya mallaki kwamfuta mai Thunderbolt, mai kwakwalwa da ba ta tsufa ba, yana zuwa da ita Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da safe, da dare yana haɗa bidiyo ko zanen gini ko wasa. Wannan na ba shi goyon baya. Wanda wasa kawai yake so a ɗaki, ya tara kuɗin akwatin da na katin, ya haɗa kwamfutar tebur. Katin zai samu layukansa 16 cif, in wani abu ya lalace kuma masu gyara na garin nan za su iya canza masa shi.