Kare Zai Hau Jirgi: Lamba Tukuna, Allura Daga Baya

Jama'ar Gombe, tambayar nan ta yi yawa: "Karena yana da katin rigakafi, me zai hana shi shiga Turai?" To, kati kaɗai bai isa ba, sai da microchip, wata 'yar aba mai ɗauke da lambar shaidar kare, wadda likitan dabbobi ke sa masa.

Wannan 'yar abar, girman ƙwayar shinkafa, ita ake cusawa ƙarƙashin fatar kare. Lamba 15 ce a cikinta, na'ura ke karantawa. A dokar Tarayyar Turai da ta Ingila, sai an sa ta kafin a yi allurar cutar haukan kare. In allura ta riga lamba, a wurinsu karen nan bai taɓa ganin allura ba, sai a sake daga farko. Ni kam ban ga laifinsu ba. Kati takarda ne, kowa na iya riƙo shi da wani karen daban, kuma cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.

Bayan allura, a jira aƙalla kwana 30, sannan a ɗebi jini a tura ɗakin gwajin da suka amince da shi. Sakamakon, wato ma'aunin ƙarfin rigakafin da ke cikin jinin, dole ya kai 0.5 ko ya haura. Daga nan sai zaman wata 3, kuma daga ranar da aka ɗebi jinin ake ƙirgawa, ba ranar da takarda ta iso ba. Kwikwiyo kuwa ba a yi masa allurar sai ya cika mako 12. Ku haɗa lissafin: kwikwiyo sai ya kai wajen wata 7 ke nan. Don Allah kada ku yanki tikiti kafin wannan.

Sai akwatin da za a sa shi a jirgi: karen ya iya tsayuwa, ya juya, ya kwanta a ciki. A tuntuɓi kamfanin jirgi da wuri, tashi kuwa ta Abuja, Kano ko Legas. Amurka nata tsarin daban, tun 1 ga Agustan 2024 ba ta karɓar kare da bai kai wata 6 ba.

Masu shigowa Najeriya da kare irin Boerboel daga Afirka ta Kudu, ku nemi izini daga ofishin babban likitan dabbobi na ƙasa a Abuja tun karen bai taso ba, jami'an NAQS, hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, za su duba shi a filin jirgi. Amma kare irin Husky, mai gashin ƙasar ƙanƙara, a zafin Gombe na watan Afrilu? Ku ji tausayinsa, ku bar shi can.