Jawabin Maraba Ga Mai Girma Jakadan Birtaniya A Zariya

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa ƙasar Zazzau. Mu 'ya'ya da jikokin 'yan mazan jiya mun san ba ƙaramin mutum ake bai wa kujerarka ba, ga shi ka baro aiki jingim a Abuja ka tako har nan. Allah Ya ƙara girma.

Kukanmu ɗaya ne: a agaza mana da na'urorin naɗar murya da ƙwararrun da za su bi tsofaffinmu gida-gida su naɗi labarinsu na Yaƙin Duniya na Biyu tun suna da rai.

Ranar 15 ga Afrilu, 1945, sojojinku suka shiga sansanin gwale-gwale na Bergen-Belsen a Jamus. Suka tarar da mutum wajen 60,000, da yawansu Yahudawa, yunwa da zazzaɓin ƙwarƙwata sun gama da su, ga gawa kimanin 13,000 a yashe. Sai da katafila ta riƙa tura gawarwaki cikin ramuka, daga baya aka cinna wa ɗakunan wuta. Sojojin sun faɗa da bakinsu yadda ɗoyi ya tarye su tun daga nesa, da yadda wasu fursunoni suka ci abincin soja cikinsu ya kasa ɗauka, suka cika. Muryoyin nan suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan, shi ya sa mai musu ba shi da ta cewa.

To, a daidai lokacin iyayenmu na artabu da Japanawa a dajin Bama, ƙarƙashin tutarku. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta bi kwarin Kaladan, ta 82 ta ratsa yankin Arakan, suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945, kayan yaƙi a ka, ana ba su oda da Hausa. Barikin Chindit na nan Zariya da na Dalet a Kaduna daga can suka samo suna. Suka dawo da lambobi a ƙirji, amma kuɗin sallamarsu bai kama ƙafar na Bature ba. Wannan mun bar wa Allah. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, tsoho zai ɗage wando ya nuna tabon matsattsaku a ƙwauri, ya soma labari, ba mai ɗauka sai jikoki.

Waɗanda suka rage sun doshi shekara 100, wasu ma baki ya fara nauyi. Mun tanadi ɗaki da matasa masu jin Hausa da Turanci. Na'urorin muke roƙo, ranka ya daɗe, da masu koya mana, kafin sanyin bana ya shigo.

Allah Ya mai da kai gida lafiya.